Rijiyarmu ta fara warin fetur: wa ke duba tankunan da ke binne a ƙasa?

Mai_Rijiya_Garwa: Assalamu alaikum. Ina neman shawarar masana a cikinmu. Gidanmu yana wata unguwa a Garwa ta arewacin Kamaru wadda ba ta da nisa da kogin Binuwai, kuma muna da rijiya mai zurfin gaba biyar da marigayi mahaifinmu ya haƙa tun muna yara. A ƙarshen daminar bana uwargidana ta ce shayin safe ya sauya ɗanɗano, muka ɗora laifin a kan jarkar da ake ajiye ruwa, muka sayi sabuwa, amma abin bai daina ba. Ranar Juma'ar da ta wuce na ja guga da hannuna na ajiye a rana, sai ga wani maiƙo mai launin bakan gizo yana yawo a saman ruwan, warin fetur kuma ba ya ɓuya. Akwai gidan mai a bayan katangarmu, tazarar bai fi taku sittin ba. Na je na sami manajan cikin girmamawa, ya ce tankunansu lafiya lau suke, takardunsu kuma cikakku ne. Tambayata ita ce, shin doka ta tilasta wa masu ajiyar mai su riƙa gwada tankunansu lokaci zuwa lokaci, kuma wace hukuma ce ke da alhakin zuwa ta duba?

Malamar_Asibiti: Wa alaikumus salam, Malam. Kafin a shiga maganar doka, don Allah ku daina shan ruwan nan daga yau, kada a dafa abinci da shi, kada a yi wa jarirai wanka da shi. A cikin fetur akwai wani sinadari mai suna benzin wanda aka tabbatar yana haddasa sankarar jini, kuma iyakar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa masa a ruwan sha ita ce maikirogiram 10 a lita ɗaya, abin da ido ba ya gani sam. Idan har ana ganin maiƙo a saman guga, to lamarin ya wuce wasa. Tafasa ruwa maganin ƙwayoyin cuta ne, ba a dogara da shi a kan mai. Abu na ƙarshe, kada a saka kowa cikin rijiyar da sunan yasa, kuma kada a kusance ta da fitilar aci-bal-bal ko taba, domin tururin fetur ya fi iska nauyi, a ƙasa yake taruwa.

Tsohon_Manaja: Ɗan'uwa, manajan da ka samu zai iya kasancewa bai yi maka ƙarya ba, domin a yawancin lokuta shi kansa bai san abin da ke faruwa a ƙarƙashin ƙafarsa ba. Na riƙe gidan mai na tsawon shekaru a kan hanyar Garwa zuwa Marwa, kuma aikinmu na farko kullum bayan sallar asuba shi ne awo. Za ka buɗe murfin tanki, ka shafa wani man gwaji a ƙarshen sandar awo, ka zura ta har ta taɓa ƙasa, ka zaro ka karanta. Idan man gwajin ya sauya launi, ka san ruwa ya shiga tankin. Sai ka rubuta adadin a littafi, ka haɗa da abin da mitar famfo ta nuna an sayar da abin da tanka ta sauke. Wannan littafin shi ne hanya mafi arha ta gano yoyo, amma ba haka muke amfani da shi ba. Idan lissafi ya nuna giɓi, abin da mai gida ke fara tunani shi ne yara sun yi sata, sai a zare kuɗin daga albashinsu, a rufe magana.

Ni da kaina na sallami yara biyu a kan giɓin da ya ƙi ƙarewa wata da watanni. Bayan tafiyarsu giɓin ya ci gaba, har ranar da aka fasa siminti don ƙara wani famfo, muka tarar mahaɗar bututu ta ci tsatsa, ƙasar da ke kewaye da ita ta yi baƙi ƙirin tana wari. Ɗaya daga cikin yaran na nemi yafiyarsa, ɗayan kuwa har yau ban sake ganinsa ba.

Injiniya_Marwa: Abin da Tsohon_Manaja ya faɗa shi ne zuciyar matsalar, zan ƙara masa lissafi kawai. Fetur yana kumbura da zafi ya tsuke da sanyi, kimanin kashi ɗaya cikin dubu a kowane digiri, shi ya sa a kasuwancin mai ake mayar da awo zuwa ma'aunin digiri 15. Tankar da ta ɗauko lita 30,000 ta sha ranar watan Afrilu a hanya, ta sauke cikin tankin ƙasa mai sanyi, idan bambancin ya kai digiri 10 za a ga kamar lita 300 sun ɓace alhali babu abin da ya zube. To a cikin irin wannan hawa da sauka ne ƙaramin yoyo ke ɓuya. Tanki mai cin lita 30,000 da ke kwance a ƙasa, idan mai ya kai tsakiyarsa, milimita ɗaya a jikin sanda daidai take da kusan lita 15. A Amurka, inda hukumar kare muhalli ta kafa ƙa'idojin tankunan ƙasa a 1988, ana buƙatar gwajin tanki ya iya gano yoyon da bai wuce lita 0.38 a awa ba. Wannan kusan lita 9 ke nan a rana, bai kai milimita ɗaya a sanda ba, amma a shekara ya haura lita 3,000, duk suna gangarawa zuwa ruwan ƙasa. A farashin sefa 840 da aka sa wa litar fetur a Fabrairun 2024, asarar ta wuce sefa miliyan biyu da rabi, don haka shi kansa mai gidan man yana da riba a gwajin.

Ɗan_Kasuwar_Kuseri: Ni ina ganin an yi gaggawar yanke hukunci. Duk wanda ya san arewacin Kamaru ya san da yawa daga man da ake sha ba daga gidan mai yake fitowa ba, na fasa-ƙwauri ne daga Najeriya, wanda muke kira zuwa-zuwa. Mutane nawa ne ke jibge duro da jarkoki a bayan gida, wasu ma suna binne su don gudun jami'an kwastan? Malam Mai_Rijiya, ka fara duba maƙwabtanka tukuna kafin ka ɓata sunan mutumin da ya zuba jarinsa bisa ƙa'ida.

Mai_Rijiya_Garwa: Na gode, ɗan'uwa, kuma ban ambaci sunan kowa ba saboda wannan dalilin. Akwai wani matashi mai sayar da mai a kwalabe a bakin layinmu, amma abin da yake ajiyewa bai wuce jarka huɗu ba, kuma tun da aka cire tallafin mai a Najeriya a 2023 kasuwarsa ta ja baya ƙwarai. Ba na ce lallai gidan man ne ba, abin da nake nema shi ne hanyar da za a tabbatar.

Lauya_Ngaundere: Game da tambayar farko, dokoki suna nan. Akwai dokar muhalli mai lamba 96/12 ta 5 ga Agusta 1996, wadda ta kafa ƙa'idar cewa wanda ya gurɓata shi ne zai biya. Akwai dokar ruwa mai lamba 98/005 ta 14 ga Afrilu 1998, wadda ta hana zubar da duk abin da zai gurɓata ruwan saman ƙasa da na ƙarƙashinta. Sannan akwai doka mai lamba 98/015 ta 14 ga Yuli 1998 a kan wuraren sana'a masu haɗari ko masu cutar da lafiya ko masu takura wa maƙwabta, wadda ta raba su aji biyu, na farko sai da izini, na biyu kuma ya wadatar a sanar da hukuma, ta kuma tanadi sufetoci masu rantsuwa da ke da ikon shiga su duba. Inda gizo ke saƙar shi ne aikin ya rabu tsakanin ma'aikatu: ta ruwa da makamashi tana da hannu a harkar rarraba mai, ta ma'adinai da masana'antu tana kula da wuraren masu haɗari, ta muhalli kuma tana kula da gurɓata. Mai ƙorafi yakan shiga ofishi na farko a tura shi na biyu, na biyu ya tura shi na uku, ruwa kuwa yana ci gaba da ɓaci. A ra'ayina, takardar izinin da aka bayar ranar buɗe gidan mai shaida ce ta halin tankin a wannan ranar kaɗai, ba ta cewa komai a kan halinsa bayan shekara goma sha biyar a cikin ƙasa mai laima.

Alhaji_Mai_Famfo: Barista, ka yi bayani mai kyau, amma bari a ji ta bakin mu masu sana'ar. Farashin lita ba mu muke sa shi ba, gwamnati ce ke ƙayyade shi, ribar dillali kuma 'yar kaɗan ce a kowace lita. Idan ina son a yi wa tankina gwajin matsi yadda ya kamata, masu na'urar daga kudu za su taso, Duwala kuwa ta fi kilomita dubu daga nan, ni zan biya kuɗin motarsu da masaukinsu, in rufe gidan man a ranakun aikin. Wanda ke sayar da zuwa-zuwa a gabana ba ya biyan ko sisi na wannan. Ba na musun cewa gwaji wajibi ne, domin ni ma 'ya'yana ruwan garin nan suke sha, amma dokar da za ta hau kan mai rajista kaɗai ta bar wanda ba shi da rajista za ta ƙara tura mutane ne zuwa kasuwar bayan fage.

Malamar_Asibiti: Alhaji, da girmamawa, tsadar gwaji ba za ta kai tsadar tsarkake ruwan unguwa guda ba. A ƙasar Ogoni ta Najeriya, rahoton hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya na 2011 ya sami rijiyoyin da benzin ɗin cikinsu ya ninka iyakar da na ambata sau 900, ya kuma ƙiyasta cewa gyaran yankin zai iya ɗaukar shekara 25 zuwa 30.

Baba_Ɗan_Sittin: 'Ya'yana, ku yi haƙuri in ɗan kauce. Ina Yawunde ina fatauci a ranar 14 ga Fabrairu 1998, lokacin da taragun jirgin ƙasa ɗauke da mai suka yi karo a Nsam, kusa da ma'ajiyar mai ta SCDP, wato kamfanin ajiyar mai na Kamaru. Mai ya malalo, jama'a suka fito da bokitai da jarkoki suna kwasa, wuta ta tashi, mutane fiye da ɗari suka halaka. Abin da ya sa na kawo wannan shi ne, mu ba ma ɗaukar mai a matsayin haɗari sai ya zama wuta. Wanda ke zurarewa a hankali cikin ƙasa ba shi da hayaƙi, ba ya tara 'yan jarida, shi ya sa ba mai damuwa da shi sai wanda rijiyarsa ta ɓaci.

Direban_Tanka: Gaskiya ne, Baba. Ni ma ina da abin da zan ƙara daga wajenmu, domin ba kowane man da ke shiga ƙasa ne ta hujin tanki yake bi ba. Jirgin ƙasa a Ngaundere yake tsayawa, daga nan mu ne ke jan mai zuwa Garwa da Marwa da Kuseri har Njamena. Sau da yawa na isa gidan mai da dare, manaja ya ce tanki zai ɗauki lita dubu goma, a tsakiyar sauke kaya sai ka ji mai yana tumbatsa ta bakin tankin saboda awon da ya yi ba daidai ba ne. Haka kuma duk lokacin da aka cire tiyo akwai ragowar da ke zuba. Inda aka yi ɗan gurbin siminti ko na roba a bakin tankin, ana kwashe shi. Inda babu, yashi ake watsawa a kai a share, ƙasa ta shanye sauran. Ka lissafa wannan sau biyu a mako na tsawon shekara goma.

Injiniya_Marwa: Maganar direba ta tuna mini da gobarar ma'ajiyar mai ta Bansifil a Ingila, ranar 11 ga Disamba 2005. Tankin bai huje ba, cika ya yi ya tumbatsa, saboda ma'aunin da ke nuna tsayin mai ya maƙale, na'urar da ya kamata ta tsayar da zubawa ita ma ba ta yi aiki ba. Wato na'ura kaɗai ba ta isa ba sai ana gwada ta. Ya kamata kuma mu bambanta abu biyu da aka fara cakuɗawa a nan. Manyan ma'ajiyu irin na SCDP a Garwa da Ngaundere tankunansu a saman ƙasa suke, ana ganin jikinsu, kuma ƙa'idar da aka saba bi a duniya ita ce a kewaye irinsu da katangar da za ta iya riƙe kashi 110 cikin ɗari na abin da tanki mafi girma ke ɗauka, a riƙa auna kaurin ƙarfen, a kuma kwashe mai lokaci zuwa lokaci a shiga a duba gindin tankin, domin nan ne tsatsa ke ci ba a gani. Tankin gidan mai kuwa binne yake, babu mai ganinsa daga ranar da aka rufe shi da ƙasa. Maganinsa shi ne tanki mai bango biyu da na'urar da ke sa ido a ratar da ke tsakaninsu, da bututu mai riɓi biyu, da kariyar tsatsa ta hanyar binne dunƙulen magniziyam ko zinki wanda zai lalace a madadin tankin, sai kuma 'yan ƙananan rijiyoyin sa ido a kewaye. A yankinmu akwai ƙarin matsala da ba kowa ke lura da ita ba, wato baƙar ƙasar karal da muke noman dawar rani ta muskuwari a kanta, wadda ke kumbura da damina ta tsattsage da rani. Wannan motsin yana jan bututun ƙarfe a mahaɗarsa, kuma yoyo ya fi farawa daga bututu da mahaɗa kafin jikin tankin.

Ɗan_Njamena: Gaisuwa daga ƙetaren Logon. Mu a Chadi mun ga cewa hukuma tana iya nuna ƙarfi idan ta so: a watan Agusta 2013 gwamnati ta dakatar da aikin kamfanin CNPC na ƙasar Sin saboda zubar da ɗanyen mai a yankin Bongor, aka ci shi tarar dala biliyan 1.2, daga baya aka daidaita a kan dala miliyan 400 a 2014. Muna da hukumar ARSAT mai kula da harkar tacewa da rarraba mai, muna da matatar Jarmaya tun 2011. Amma babban kamfani da ramukan mai a fili abu ne da ake iya ɗaukar hotonsa, ƙaramin tanki a ƙarƙashin unguwa kuwa ba haka yake ba. Abin da nake so Injiniya ya yi mana bayani shi ne ambaliya. A 2022 da 2024 ruwa ya mamaye unguwanni a Njamena da Kuseri da Yagwa, kuma na ga gidajen mai tsaye cikin ruwa har gwiwa. Me ke faruwa da tankunan a irin wannan hali?

Injiniya_Marwa: Abu biyu ne, ɗan'uwa. Idan tankin ba shi da mai sosai kuma ba a ɗaure shi da ginshiƙin siminti ba, ruwan ƙasa yana iya ɗaga shi kamar yadda ƙwarya ke tasowa a randa, ya tsinka bututun da ke haɗe da shi. Idan kuma murfinsa bai rufu da kyau ba, ruwa zai shiga ya zauna a ƙasa, ya turo man sama ya fitar da shi. Wannan ma yana iya bayyana dalilin da ya sa Malam Mai_Rijiya ya fara jin warin a ƙarshen damina: fetur ya fi ruwa sauƙi, a samansa yake kwanciya, don haka idan ruwan ƙasa ya taso sai ya kwaso man da ya daɗe maƙale a cikin yashi ya kai shi rijiya. Mai yiwuwa yoyon ba na bana ba ne.

Hajiya_Kuseri: Duk bayanan nan na ilimi ne, amma ni tambayata a kan matar gidan ce. Daga yau ita za ta riƙa sayen ruwa a wajen 'yan garuwa, na sha da na girki da na wankan yara, kuma ba a san ranar da za ta daina ba. Barista, idan an tabbatar da laifi, wannan kuɗin wa zai mayar?

Lauya_Ngaundere: Hajiya, a bisa ƙa'ida wanda ya jawo ɓarnar ne, amma kotu hujja take bi, don haka ina ba Malam shawara ya fara tara ta tun yanzu. Ya kira ma'aikacin shari'a mai rubuta shaidar gani da ido, wanda muke kira wisiye, ya zo ya rubuta halin rijiyar da tazararta da gidan man. A ɗebi ruwan a kwalbar gilashi mai tsabta, a cika ta har baki ba tare da iska ba, a rufe a ajiye cikin sanyi, a kai ɗakin gwaji da wuri. Ya rubuta ƙorafi guda, ya kai kwafinsa ofisoshin ma'aikatun nan uku na jiha da ofishin su-perefe, wato jami'in gwamnati mai mulkin gunduma, da na magajin gari, kowanne ya buga masa hatimin karɓa. Ya riƙa rubuta kuɗin ruwan da yake saye kullum. Mafi muhimmanci, kada ya tafi shi kaɗai. Ya bi gida-gida tare da mai unguwa a shinshina kowace rijiya, domin jerin rijiyoyin da suka ɓaci shi ne zai nuna inda man ya fito da inda ya dosa.

Alhaji_Mai_Famfo: Na sake tunani a kan abin da Hajiya ta ce. A Amurka na ji akwai asusun da ake tara wani ɗan ƙaramin kaso daga kowane galan don gyaran wuraren da tankuna suka gurɓata. Mu ma muna da asusun CSPH da ke daidaita farashi tsakanin kudu da arewa, to me zai hana a ware wani abu makamancin haka don gwaji, a kuma ajiye na'urar da ma'aikatanta a Garwa? Idan aka yi haka ni ne zan fara buɗe murfin tankina.

Ɗan_Kasuwar_Kuseri: Kowane ƙarin kaso a kan lita talaka ne zai biya shi a bakin famfo, Alhaji, kuma ɗan acaba zai ƙara komawa wajen mai kwalba.

Mai_Rijiya_Garwa: Na gode muku baki ɗaya. Mun rufe rijiyar da faranti da dutse tun jiya. Na bi shawarar Barista, ni da mai unguwa mun zaga gidaje goma sha ɗaya, mun sami rijiyoyi uku masu warin, dukkansu a ɓangaren da ke tsakanin gidan man da gangaren kogi, gidajen da ke ɗaya ɓangaren kuwa ruwansu lafiya. Mun koma wajen manajan, wannan karon ya saurare mu da kyau, ya ce zai sanar da mai gidan. Ya kuma amince a auna tankunan gobe da dare bayan an tashi aiki, a kulle murafen a gabanmu, a sake aunawa da asuba. Littafin awo dai ya ce ba shi da ikon nuna mana.

Tsohon_Manaja: Madalla, amma kada ka ɗauki sakamakon gobe a matsayin ƙarshen magana. Awon dare ɗaya babban yoyo kaɗai yake kamawa, kamar yadda lissafin Injiniya ya nuna, kuma ba ya cewa komai a kan bututu, wanda ni a nan nawa ya ɓuya. Ka tsaya har lokacin da za su sayar wa mutum na farko. Idan famfon irin mai zuƙo mai ne daga tanki, ka saurara: in ya yi ta gurnani yana tari na ɗan lokaci kafin mai ya fito, alama ce man da ke cikin bututu ya zurare cikin dare, ko dai ya koma tanki ta bawul ɗin da ya saki, ko ya fita ta wata kafa. Sannan ka ja ɗaya daga cikin yaran famfo gefe, ka tambaye shi ko ana yanke musu albashi a kan giɓi, kuma tun wane wata aka fara.